Alhamis Ɗin da Ba Ta Wuce Ba

Akwai abubuwan da mutum ke rantsuwa ba zai manta ba, bayan 'yan shekaru ka ji yana tambayar a wane gari ma aka yi. Wannan ba ya cikinsu. Ko tsufa zai kwashe mini abin da ke kaina ya bar mini ɗaya, na san ranar da na zauna bakin maƙabarta da tsakar rana, da kwamfuta bisa cinyata, ita za ta rage. Har yau idan hadari ya haɗo gari ya yi tsit, sai in ji ɗumin na'urar nan a jikina.

Sai na fara da ɗiyata ta fari, in ba haka ba labarin ba zai zauna ba. Da aka haife ta, aka sa mata sunan uwar maigidana. Kun ga kunya biyu ke nan ta hau kaina, ga ta ɗiyar fari, ga ta suruka. Tun ranar suna har ta girma ban taɓa buɗe baki na faɗi sunan nan ba. In zan kira ta sai in ce "ke", in ina maganarta in ce "yarinyar ga". Jama'ar gida laƙabi suke kiranta da shi, ni ko laƙabin ban cika faɗa ba. Ba rashin so ba ne, wanda ya tashi cikinmu ya sani. Ita kanta dariya take yi, ta ce, "Inna, wata rana sai na ɓace a kasuwar Gummi in ga da mi za ki yi cigiyata." Abu ɗaya da ban iya ɓoyewa ba shi ne muryarmu. Iri ɗaya ce sak. A waya babanta ma sai ya tambaya wace ce ke magana a cikinmu.

Ta yi karatun aikin lafiya, aka yi mata aure a wata tunga da ke tsakanin Bukkuyum da Anka, inda maza ke haƙar dutsen zinari suna niƙawa. Nan ta kama aiki a ƙaramin asibitin garin, tana kula da yaran da gubar dalma ta shiga jininsu. Ta haifi namiji. Wurin haihuwa ta biyu Allah ya karɓi abinsa, ita da abin da ke cikin. Ranar Alhamis ta je aiki lafiya lau, da yamma naƙuda ta taso, kafin sallar Juma'a an kai ta. Ni ina Gummi, ban iso ba sai da aka dawo daga binnewa.

Kusan shekara biyu bayan haka, cikin damina, aka aiko cewa yaron da ta bari ba shi da lafiya. Na hau babur tun da safe. Dawa ta yi tsawo a hanyar har ta rufe mu, kowa ya san abin da ake tsoro a cikin dawa irin wannan. Na iske jikana kwance a asibitin da uwarsa ta yi aiki, yana amai, cikinsa na murɗawa, idanunsa na lumshewa kamar wanda barci ke fizga. Ubansa na can ramin haƙa, waya ba ta shiga.

Malamar da ta gaji ɗiyata ita kaɗai ce a asibitin ranar. Yarinya ce 'yar Bukkuyum, mai saurin hannu. Ta yi mini bayani a tsaye, tana ɗaura masa ƙarin ruwa. An ɗebi jininsa makon da ya wuce an kai gwaji, sakamakon ya fito, amma yana cikin babbar kwamfutar da ke Gusau, sai an shiga an gani. In dalmar ba ta yi yawa sosai ba, akwai ƙwayar da za ta ba shi a nan. In ta wuce wani mizani, ƙwaya ba ta isa, sai an kai shi Anka an yi masa allura. Maganin kuma ba irin wanda ake bayarwa da ka ba ne. Motar da ke ɗaukar yara tana tsaye a waje, za ta tashi kafin la'asar saboda hanya, kuma ba ta dawowa sai wani mako. Ba wanda ke son ɗora yaro galabaitacce a wannan hanya in ba dole ba, ba kuma wanda ke son barinsa in dolen ce.

Na ce, "To a duba mana."

Ta sunkuyar da kai. Ta ce ruwan sama ya zubo ta rufi ya kashe kwamfutar da suke aiki da ita, sun ciro tsohuwa daga kabad, tun safe take fama, an ƙi buɗe mata. Na lura tana maganar tana matsawa jikin tebur, tana kare wani abu da bayanta. Ni kuwa na riga na gani. Jaka ce ta atamfa, shuɗiya mai zanen ganye, an yi mata shafi da soso. Ni na ɗinka ta da hannuna daga ragowar zanen sallata, lokacin da yarinyar ga ta ce ƙura na shiga mata kwamfuta.

Malamar ta ga na gani. Ta ce, "Inna, ki gafarce ni. Ban so ki gan ta ba."

Na ce ba komai. Ƙarya nake yi.

Yaron ya sake yunƙurin amai, ta riƙe kansa. A nan ta dube ni ta ce ta ji an ce na yi sakandare, ina karanta Turanci. Sabis ba ya zuwa cikin gari sai kan tudun yamma, ita kuma ba ta iya barin yaron da allura a hannu ta sake hawa tudu. Akwai injiniyan da ke kula da babbar kwamfutar, ta aika masa saƙo ya ce a kira shi. In zan iya, in ɗauki na'urar da wayarta in je, duk abin da ya ce in yi, in an buɗe in aiko a kira ta. Na dubi jikana, na dubi jakar. Na ce Bismillahi na rataya ta. Ƙanshin humrar yarinyar ga na nan a jikin atamfar, ya dushe amma bai tafi ba.

Ban san mene ne a tudun yamma ba sai da na isa. Maƙabartar garin ce a gindinsa. Daga gefe ɗaya ga tsofaffin injinan niƙan dutse da aka watsar, sun yi tsatsa, ciyawa ta fito ta bakinsu. Daga ɗayan gefen ga kaburbura, kuma abin da ya fara kama mini ido layin ƙanana ne, gajeru, jere da juna, na shekarar da dalma ta yi ta ɗibar yara. Manyan suna can baya. Mu mata ba mu zuwa, saboda haka ban taɓa sanin wane ne nata ba, ban kuma sani ba har yau. Na dai san tana cikinsu. A saman tudun an kafa wani icce, an buga masa gwangwanin madara da ƙusa, nan mutanen gari ke saka waya ta kamo sabis. Na yi wa mutanen kabari sallama kamar yadda aka koya mana, na juya musu baya na zauna gindin iccen.

Rana ta take tsaka, amma ba ta da haske, gabas ta fara baƙi. Babu kukan tsuntsu, babu dakan turmi daga gari, sai dawa da ke motsi ba tare da na ji iska a jikina ba. Na buɗe kwamfutar, na sanya 'yar na'urar sabis a gefenta kamar yadda Malama ta nuna mini, na kira lambar.

Ya ɗauka da hayaniya, da ji yana cin abinci a wani wuri. Na yi sallama na ce, "Daga asibitin tunga ne, kwamfuta ce ta ƙi shiga."

Shiru. Har na ɗauka layin ya yanke. A cikin shirun nan sai na ji maganata ta dawo mini ta wayar, a hankali, kamar wata na maimaitawa daga cikin rijiya: ta ƙi shiga. Haka sabis ɗin tudun yake, yana mayar wa mutum da ƙarshen maganarsa. Na sani, amma gashin jikina ya miƙe.

Can ya ce, da wata murya daban, "Wace ce ke magana?"

Na ce kakar yaron da ba shi da lafiya ce, Malama ta aiko ni. Na ji ya sauke numfashi, ya amsa sallamar da bai amsa ba, ya ce, "Inna, sannu. Yi haƙuri, na ɗauka wata ce. Bari in wanke hannu, muna tafe ina komawa ofis."

Yaro ne mai fara'a, da ya dawo hayyacinsa. Ya sa na duba ko sandunan sabis sun cika, na ce biyu ne, ya ce a tudun nan biyu sarauta ce. Ya sa na kashe na kunna. Ya sa na zare 'yar na'urar na hura mata baki na mayar, ya ce wannan ba ya cikin karatun da suka yi amma yana aiki. Duk muka yi, da na shiga shafin sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiya, na danna, shafin ya yi fari, ya rubuto cewa ba a karɓi shaidar da aka nuna ba.

Na ce masa ni ban nuna kowace shaida ba. Ya ce ba ni ba, kwamfutar. Ya ce, "Inna, kin san shingen da ke hanya, inda ake tsayar da mota a ce kowa ya fito da katinsa? Haka ƙofarmu take. Sirrin marasa lafiya ne a ciki, ba mu yarda da kalmar sirri kaɗai ba. Kowace ma'aikaciya muna yi mata satifiket mu saka cikin na'urarta, da sunanta da wa'adinsa. In na'ura ta zo ƙofa, shi take miƙawa tukuna. Na Malama na yi shi da kaina, ta ce ta saka shi a wannan kwamfutar jiya. Akwatin nan da ke fitowa, suna nawa ke ciki?"

Na ce ɗaya.

"Madalla. Karanta mini shi."

Tun fitowar akwatin na farko na gan shi, na kawar da ido kamar yadda na saba. Yanzu dole na duba. Sunan yarinyar ga ne na yanka, cikakke, da na babanta a bayansa, baƙi a kan fari.

"Inna? Kina ji na?"

Na ce, "Ba na Malama ba ne."

"To na wa? Karanta kawai, ko da ba daidai ba, zan gane."

Na ce ba na iyawa. Ya ɗauka Turancin ne ya fi ƙarfina, ya fara lallashi, wai in kira masa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, ai ko 'yan firamare na yi. Na ji kujera ta yi ƙara a wajensa, na ji yana danne-danne, ya iso ofis ke nan. Yana cikin tsokanata sai ya katse maganar.

Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Sannan a hankali, "Inna, tun safe wata ke buga mini ƙofa daga asibitinku da satifiket ɗin da na soke da hannuna. Mai shi ta rasu. Ni na soke shi ranar da anka faɗa muna." Ya ƙara da cewa, "Kuma muryarki…"

Na ce, "Ɗiyata ce. Ta fari."

Daga cikin wayar aka mayar mini: ta fari.

Daga baya injiniyan ya gaya mini cewa kusan kullum sai ta kira shi daga gindin iccen nan, da kalmomin da na fara da su, kwamfuta ce ta ƙi shiga, har yana tsokanarta da su. Ya ce da ya ji sallamata saura kaɗan ya jefar da wayar cikin miya. Amma a lokacin abin da ya ce kawai shi ne, "Allah ya jiƙanta. Kada ki faɗi sunan, Inna, na san shi. Ki yafe mini."

Wani abu ya ratsa dawar da ke bayana, ya tsaya. Na ƙi waiwayawa. Na karanta abin da ya zo bakina, sai ga akuya ta ɓullo ta gefena da igiya a wuya tana ja, ta dube ni ta wuce. Na so in yi dariya, ba ta fito ba. Daga nesa na hango direban motar ya fito yana duban sama, ya buɗe ƙofofi.

Injiniyan ya koma kan aiki, na kuma gode masa da hakan. Ya ce ya gane abin da ya sa ƙofa ke korar mu, matacciyar shaida ake miƙa mata. Abin da bai gane ba shi ne me ya hana kwamfutar miƙa ta Malama. Ya bi da ni lungu-lungu, danna nan, gangara ƙasa, har muka isa inda na'urar ke adana shaidunta. Nan na ga guda biyu. Ta yarinyar ga a sama, garau. Ta Malama a ƙasa, da wata alama a gefenta. Ya ce in buɗe ta in karanta abin da aka rubuta.

Na karanta, na mayar masa da Hausa don in tabbatar na fahimta: wai lokacin wannan shaida bai yi ba tukuna.

"Bai yi ba? Wata nawa da na yi ta!" Na ji yana magana da kansa. Sai ya ce, "Inna, dubi can ƙasa, kusurwar dama. Akwai agogo. Wace rana ya ce yau?"

Na kai 'yar kibiyar kan agogon. Ranar ta fito da watanta da shekararta. Ba sai na yi lissafi ba, uwa ba ta lissafin irin wannan rana. Alhamis ce. Alhamis ɗin da ta je aiki na ƙarshe. Agogon na nuna bayan azahar kaɗan, ina kallo minti ɗaya ya juya ya koma na gaba.

Yana ta yi mini bayani, ina ji sama-sama. Wai akwai wani ɗan batir a ciki kamar maɓallin riga, shi ke riƙe agogo in an kashe na'ura. Ya mutu a cikin kabad, shi ya sa duk lokacin da aka kunna ta sai ta farka daga inda aka kwantar da ita. A wurinta Malama ba ta ma zo garin ba, shi ya sa ba ta san da shaidarta ba. Ni abin da na ji daban ne. A cikin abin nan da ke kan cinyata, yarinyar ga na da rai. Ta rufe aiki ke nan, ba ta kai gida ba, naƙuda ba ta taso ba, ba a haƙa komai a bayana ba. Duniya duk ta wuce, wannan kaɗai ya tsaya yana jiranta ta dawo ta buɗe. Na san matacce ba ya dawowa, na yi imani da haka kamar yadda na yi imani da ranar tsayuwa. Amma wallahi na tsinci kaina na ɗora tafin hannuna a jikin na'urar inda take da ɗumi, kamar yadda ake taɓa goshin yaro.

"Gyaran ba wuya," in ji shi. "Ki danna agogon, ki sa ranar yau." Ya nuna mini hanya, na sauya shekara, na sauya wata, na sauya rana. Saura maɓalli ɗaya. Sai ya ce, "Inna, tsaya. Gara in faɗa miki. Wa'adin shaidarta ya daɗe da cika. Kina dannawa, sunanta zai fita daga akwatin nan, ba ya sake fitowa."

Ɗigon ruwa na farko ya faɗo kan gilashin. Direban ya taho har gindin tudu, ya tsaya nesa da kaburburan, ya ɗaga murya, "Hajiya! Hadarin ga ba ya da suruki. In gulbi ya cika, nan za mu kwana da ni da yaran mutane. Mi anka ce?"

Na ce ya kira mini Malama, ya riƙe mata ledar ƙarin ruwan minti kaɗan. Ya ce shi direba ne ba likita ba, amma ya juya da gudu.

Na koma na buɗe ɗan akwatin sau ɗaya. Na tuna maganarta ta kasuwar Gummi. Shekarun da ta yi a duniya ban taɓa kiranta da shi ba, ko a ranar da aka ce ta tafi, kuka na yi ina cewa yarinyar ga, yarinyar ga. Kuma ba na jin na yi laifi, haka Innata ta yi da yayana, haka muka san so. Amma a ranar na ji ba zan iya barin sunan ya tafi ban taɓa ɗanɗana shi a harshena ba. Na manta wayar na jikin kunnena. Na ce, ya Allah ka jiƙan baiwarka, na faɗi sunan, cikakke, sau ɗaya.

Wayar ta mayar mini da shi. A hankali, daga nesa, da muryar da babanta ma ba ya bambantawa. Kamar yadda ɗalibi ke amsawa in an kira suna a aji.

Na san sabis ne. Injiniyan ma ya san sabis ne, amma na ji yana jan hanci, ya ce amin da ƙyar. Na yi Bismillah na danna.

Agogon ya tsallako shekara biyu a ƙiftawar ido. Ya ce in rufe shafin in sake buɗewa. Akwatin ya fito da suna ɗaya, na Malama. Na danna shi, shafin bai yi fari ba, ya buɗe ya nemi kalmar sirri. Ya ce, "Alhamdulillahi, ga ta nan na gan ta a ƙofa. Wannan kuma ba naki ba ne, ba nawa ba, sai mai ita."

Malama ta iso tana haki, mayafinta a hannu. Na tare mata ruwa da nawa mayafin ta rubuta, ta nemo sunan yaron, ta dubi lambar. Ba ta karanta mini ba, ba ta buƙata, na gani a fuskarta. Ta rufe kwamfutar ta ce, "Mota, Inna. Yanzu."

A cinyata jikana ya yi tafiyar, inda na'urar ta bar ɗuminta. Mun haye gulbi ruwa na lasar ƙasan motar, direban na salati yana zagin hadari a numfashi ɗaya. A Anka suka ce da an bar shi a kan ƙwaya har wani mako, da labarin ya zama wani. Ya daɗe a kwance, ya tashi. Yau yana makaranta. Maganarsa na da ɗan nauyi, kuma sai an maimaita masa abu kafin ya riƙe, dalma ba ta fita ba tare da ta bar sawu ba. Amma yana nan, yana cin tuwo yana faɗa da 'yan uwansa. Jakar atamfar Malama ta aiko mini da ita daga baya, babu kwamfutar. Allon yaron nake sakawa a ciki.

Da na dawo Gummi na shiga ɗakin da take sauka in ta zo gida, wanda na rufe tun rasuwarta, na buɗe taga na share, na raba tufafinta ga masu buƙata. Ba wanda ya ce in yi. Sunan ban sake faɗinsa ba, kuma ba na jin zan sake, sau ɗayan ya ishe ni.

Abin da ranar ta koya mini ke nan. Zuciya ma tana da irin agogon nan, in an yi mata babban rashi sai ta tsaya a ranar, duk safiya ta farka a inda aka kwantar da ita, tana miƙa shaidar wanda ya tafi a ƙofar da masu rai ke jira a buɗe musu. Wanda ya rasu addu'a yake buƙata daga gare mu, ita kuwa ba ta da wa'adi. Ranar yau ta mai numfashi ce. Da na zauna ina gadin Alhamis ɗin yarinyar ga minti kaɗan fiye da yadda na yi, da ɗanta na rasa, kuma na san da za a tambaye ta, ita ce za ta fara cewa, Inna, danna mana.